Ma'aunin Tsimin Wuta A Ƙa'idar Gini: Daga Rufi Ya Kamata Jihohi Su Fara

A cikin watan Afrilu na 2024 ne Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NERC, ta ɗaga farashin wuta ga masu amfani da ita na rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin samun wuta ta awa 20 ko fiye a kowace rana, daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane yunit. Daga baya an ɗan sassauta farashin, ya tsaya a kan Naira 209.50 a watan Yuli na wannan shekarar. Kafin nan kuwa, a ranar 29 ga Mayu, 2023, an janye tallafin man fetur, wanda shi ne abincin ƙananan janaretocin da ke kuka a bayan gidaje da shaguna. Waɗannan matakai biyu sun sauya lissafin zaman gida a biranen Nijeriya. A da, mai neman gida yakan tambayi kuɗin haya da na dillali, ya biya, ya tare. Yanzu akwai wani kuɗin da ke jiransa a cikin gidan, wanda babu mai faɗa masa adadinsa sai bazara ta kama.

Ga misali da lissafi mai sauƙi. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana cin kimanin kilowat 1.1 idan tana aiki gadan-gadan. In aka bar ta awa 8 a rana har kwana 30, ta ci yunit 264 ke nan, wanda a farashin Yulin 2024 ya haura Naira 55,000 a wata, a kan ɗaki ɗaya tak. Yawan awannin da na'urar za ta yi tana fama kuwa, ginin ne ke yanke shi, domin ɗakin da rufinsa ke zubo zafi tun daga hantsi har bayan isha'i ba ya barin na'ura ta huta.

Abin mamaki shi ne ƙasar nan tana da ƙa'ida a rubuce a kan wannan al'amari tun 2017. A wannan shekarar ce Ma'aikatar Wutar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, a ƙarƙashin Minista Babatunde Fashola, ta ƙaddamar da Ƙa'idar Tsimin Makamashi a Gine-gine, wadda ake kira BEEC a taƙaice, tare da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Jamus, GIZ, a cikin wani shiri da Tarayyar Turai da gwamnatin Jamus suka ɗauki nauyinsa. Shekara guda kafin nan an fitar da littafin jagora ga masu zanen gini. Ƙa'idar ta shafi gidajen zama da ofisoshi, kuma masu tsara ta sun ƙiyasta cewa ginin da ya bi ta zai rage cin wuta da kimanin kashi 40 cikin 100. To amma ko da mutum zai zaga ofisoshin dillalan gidaje a Kano ko Kaduna ko Abuja, da wuya ya ga tallar gida ɗaya da aka ambaci ƙa'idar a cikinta.

Sharuɗɗan da ta gindaya ba su da yawa. Faɗin tagogi kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango, in kuwa ya wuce, to a yi musu inuwa da za ta tare rana. Fitilun gidan zama kada su ci fiye da wat 6 a kowace murabba'in mita, na ofis kuma wat 8. Rufi ya kasance yana da shimfiɗar tare zafi wadda ƙarfinta ya kai 1.25 a ma'aunin da injiniyoyi ke amfani da shi. Na'urar sanyaya ɗaki kuma ta zama mai inbata, wadda kowane yunit na wuta da ta ci zai fitar da aƙalla ninki 2.8 nasa na zafi daga cikin ɗaki.

An ba mai gini zaɓin hanyoyi biyu na nuna cewa ya cika ƙa'ida. Ta farko ita ce ya bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, mai duba gini ya zo da tef ɗin awo ya tabbatar. Ta biyu ita ce ƙwararre ya zana ginin a kwamfuta, ya lissafa wutar da zai ci a shekara, ya nuna cewa ba ta zarce ta wani gini irinsa da ya bi sharuɗɗan sau da ƙafa ba. A wannan hanya ta biyu mai gini yana iya sakin wani sharaɗi idan ya rama a wani, kamar ya faɗaɗa tagogi amma ya ƙara kaurin abin tare zafi. A kan waɗannan hanyoyi aka ɗora alamar taurari. Tauraro ɗaya na wanda ya cika sharaɗin taga ne, biyu na wanda ya ƙara da fitilu, uku na wanda ya haɗa da rufi, huɗu na wanda ya kai ga na'urar sanyaya ɗaki. Na biyar sai an nema, kuma a nan ne ake duba abubuwa irin su faifan sola.

Tsarin yana da kyau a takarda, kuma waɗanda suka rubuta shi sun cancanci yabo a kan taƙaita shi da suka yi. Sai dai duk ɗan kasuwar da ya ɗauki biro ya auna taurarin nan zai ga cewa nauyinsu ba ɗaya ba ne. Bangon da tsawonsa ya kai mita 10, tsayinsa mita 3, an yarda a yi masa tagogi har murabba'in mita 6. Gidan talaka da na matsakaicin ma'aikaci a Arewa, inda ake ƙanƙanta taga saboda ƙura da sirri da tsadar ƙarfen tsaro, ya riga ya cika wannan sharaɗi tun kafin a rubuta shi. Waɗanda sharaɗin ke kamawa su ne manyan gidajen gilashi na sababbin unguwannin Abuja da Legas. Na fitilu ma haka yake. Gida mai faɗin murabba'in mita 100 an ba shi wat 600. A zamanin tsohon ƙwai mai wat 60, guda 10 ke nan, kuma sharaɗin yana da cizo. Da ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensa ya yi kusa da na wancan, mutum sai ya jera sama da 60 kafin ya kai iyaka. Kasuwa ta riga ƙa'ida yin wannan aiki.

Ma'ana, taurari biyu na farko kusan kyauta ne. Tauraro na huɗu kuma ba na gini ba ne sosai, domin na'urar sanyaya ɗaki kaya ce da ɗan haya ke zuwa da ita, ya kuma kwance abarsa ranar da zai tashi. Abin da ya rage wanda ke cikin jikin gidan, wanda mai gida ne kaɗai ke iya yinsa, kuma yake daɗewa muddin gidan na tsaye, shi ne rufi.

A ƙasar da ke kusa da tsakiyar duniya, rana takan yi mafi yawan yininta a saman kai, don haka gida mara bene ta rufi yake shan mafi yawan zafinsa. A Sakkwato da Maiduguri da Yola zafin iska kan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, kwanon rufi kuwa, musamman mai duhun launi, yakan wuce digiri 60 a tsakar rana. Tsakaninsa da kan mai gida babu komai sai silin ɗin roba ko na kwali, wanda kaurinsa bai kai yatsa ba. Yayin da ake yayin rufin baƙi da ruwan ƙasa mai tsini a sababbin unguwanni, irin wanda aka ƙirƙira domin ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, babu wanda ke tambayar abin da ke ƙarƙashinsa. Alhali kuwa ƙarfin 1.25 da ƙa'ida ta nema ba wani abin a zo a gani ba ne: shimfiɗar audugar gilashi mai kaurin kimanin santimita 5 a saman silin ta isa. Kafinta biyu za su iya shimfiɗa ta a gida mai ɗaki uku ba tare da wani injin ba, matuƙar an yi kafin a rufe silin. Bayan an rufe, aikin ya zama na fasawa da gyara, kuma mai gida ba ya yarda.

Dalilin da ya sa ba a yi a bayyane yake. Wanda ke biyan kuɗin audugar daban, wanda ke cin moriyarta daban. Mai gina gidan haya yana karɓar kuɗin shekara tun kafin ɗan haya ya kwana a ciki, kuma katin mita ba daga aljihunsa ake saye ba. Kamfanin da ke gina rukunin gidaje domin sayarwa yakan zuba kuɗinsa a inda ido ke gani, wato tayil da fenti da ƙyauren ƙarfe, domin su ne mai saye ke tayawa. Abin da ke ɓoye a saman silin ba ya ƙara ko sisi a farashi. Wannan gibi ne alamar taurari ta zo cikewa, ta fito da abin da ke ɓoye ta sa shi a gaban mai saye. Alamar da ta tsaya a cikin fayil a ofishin tsara birni ba ta yi aikin da aka ƙirƙire ta dominsa ba.

Ingila ta nuna yadda ake fito da ita. Tun 2007 aka fara tilasta wa masu sayar da gida a Ingila da Wales su ba da takardar shaidar cin makamashi mai daraja daga A zuwa G, daga baya aka haɗa da masu ba da haya, kuma takardar tana aiki shekara 10. Daga Afrilun 2018 aka hana ƙulla sabuwar haya a gidan da bai kai darajar E ba, a Afrilun 2020 kuma hanin ya hau kan tsofaffin yarjejeniyoyi. Abin lura a nan shi ne jerin matakan. An shafe fiye da shekara 10 ana nuna wa jama'a daraja kafin a ce an hana wani abu, ta yadda lokacin da hanin ya zo, dillali da banki da ɗan haya duk sun san ma'anar haruffan. An sha kokawa a can cewa masu awo biyu kan ba gida ɗaya daraja daban-daban, kuma wannan ma darasi ne ga ƙasar da ba ta fara ba tukuna.

Amurka kuwa tana da yawan zaɓi, kuma a can ne aka fi ganin ribarsa da haɗarinsa. Ƙa'idar tsimin makamashi da yawancin jihohinta ke ɗauka su gyara, wato IECC, ana sabunta ta duk bayan shekara uku. Bayan hanyar bin sharuɗɗa da ta lissafin kwamfuta, a bugun 2015 an ƙara ta uku, wadda ke ba gida maki: gidan da aka gina bisa ƙa'idar 2006 yana da maki 100, wanda ke samar da duk wutar da yake ci yana da sifiri, kuma kowane maki ɗaya da aka sauko daidai yake da ragin kashi ɗaya cikin 100. A 2015 an nemi maki tsakanin 51 da 55 gwargwadon yanayin yanki, a 2018 aka sassauta zuwa tsakanin 57 da 62. Magina sun so wannan hanya domin tana ba su damar zaɓen abin da ya fi musu araha, tana kuma ba su lamba guda da za su yi talla da ita. Amma nan da nan rigima ta taso a kan faifan sola: shin mai gini zai iya yin sakaci da bango da rufi, ya jera sola a sama, ya ci maki? Bugun 2018 ya amsa da cewa duk wanda zai lissafa wutar sola, dole jikin ginin ya kai matsayin sharuɗɗan 2015.

Wannan rigima tana nan tafe Nijeriya, inda faifan sola ya cika kasuwa tun bayan tashin farashin mai, kuma tauraro na biyar ya buɗe masa ƙofa. Faifai da batir kayayyaki ne da ake iya kwancewa a sayar, batir kuma yana mutuwa a cikin 'yan shekaru. Gidan da rufinsa ke zubo zafi yana bukatar faifai da batir masu yawa kafin ya riƙe na'urar sanyaya ɗaki, wato an sayi kayan waje da dala domin a rufe kuskuren da santimita 5 na auduga za ta rage. Duk jihar da za ta karɓi ma'aunin ya kamata ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa sola ba ta fansar rufi.

Indiya, wadda zafinta ya fi kama da na Arewacin Nijeriya, da ta fitar da ƙa'idar gidajen zama a Disambar 2018, kashin farko gaba ɗaya a kan jikin gini ya tsaya, wato rufi da bango da tagogi. Sai a 2021 aka kawo maganar na'urori.

Tambayar da ke gaban jihohi ita ce wace hanya za a ba wa. Hanyar lissafin kwamfuta tana bukatar manhaja da bayanan yanayin gari na shekara guda da ƙwararren da za a biya, tana kuma bukatar jami'in gwamnati da zai iya karanta sakamakon ya gane inda aka yi coge. Wannan ya dace da otal da dogon bene da rukunin gidaje masu ɗaruruwan ƙofofi, inda kuɗin ƙwararre ɗigo ne a cikin kuɗin aiki. Ga gida mai ɗaki uku ko huɗu, hanyar bin sharuɗɗa ce kaɗai mai ma'ana, domin birkila da kafinta za su iya fahimtarta, kuma tef ɗin awo ya isa ya tabbatar da ita. Ƙasar da ta buɗe ƙofar lissafi ga kowa alhali ba ta da masu bincikensa, ta buɗe kasuwar sayar da takardu ne kawai.

Maganar ta koma kan jihohi ne saboda tsarin mulki. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. A 2003 kuma, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, in ban da Birnin Tarayya. Saboda haka Ƙa'idar Gini ta Ƙasa ta 2006 da ta tsimin makamashi ta 2017 duk ba su da haƙori a Kano ko Kaduna sai hukumomi irin su KNUPDA da KASUPDA sun shigar da su cikin sharuɗɗan izininsu. Ita kanta ƙa'idar 2017 ta tanadi cewa bayan an karɓe ta za a bar ta a matsayin ganin dama na tsawon lokacin da bai wuce shekara biyu ba, sannan ta zama dole. Agogon nan ba ya fara tafiya sai jiha ta ɗaura shi. Ga kuma Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwannin wutarsu, wanda ke nufin gwamnan da ke neman masu zuba jari su gina masa tashar wuta yana da dalilin kansa na rage wutar da sababbin gidaje za su nema a tsakar bazara, lokacin da taransifoma ke ƙonewa.

Masu adawa da sabon sharaɗi suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wasu wurare a farkon 2024, ƙarfe da katako da kwano duk sun bi sahu, kuma ƙasar tana fama da ƙarancin gidaje. Mafi yawan gidajen Nijeriya ɗaiɗaikun mutane ne ke gina su, a hankali, ɗaki bayan ɗaki, da yawansu ba tare da sun taɓa taka ofishin izini ba. Sannan kowane sabon sa hannu da aka ƙara a kan fayil yana iya zama sabuwar ƙofar neman na goro. Bene mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe mutane sama da 40, ya tuna wa kowa cewa ko ƙarfin ginshiƙi, wanda rai ya rataya a kansa, ba a gama iya sa ido a kansa ba. Mai cewa a gyara wannan tukuna kafin a zo maganar auduga bai yi wauta ba.

Amsar ita ce a taƙaita tilas, a kuma zaɓi inda za a ɗora shi. Malamin makarantar da ke gina ɗaki biyu a bayan gari a bar shi, a isar masa da bayani ta rediyo da ta hannun ƙungiyoyin kafintoci, domin shi zai zauna a ciki kuma shi zai ci ribar abin da ya shimfiɗa. Tilas ya hau kan wanda ke gini domin wani ya biya kuɗin wuta: kamfanonin rukunin gidaje, masu gina jerin gidajen haya, da ita kanta gwamnati a gidajen da take ginawa. Waɗannan ba su da yawa, suna neman izini ko sun ƙi ko sun so domin banki ba ya ba su rance sai da shi, kuma zane ɗaya suke maimaitawa sau ɗari. A kansu, tauraro na uku ya zama ƙasan ma'auni, sauran kuma a bar su zaɓi, da sharaɗin a rubuta yawan taurarin a cikin talla da takardar ciniki da yarjejeniyar haya.

Gwamnatin Tarayya, ko da ba ta da ikon izinin gini a jihohi, tana riƙe da jakar kuɗi. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake tara wa kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikata, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ne ke juya shi, yana ba da rance a kan ruwan kashi 6 cikin 100. Babu abin da zai hana bankin ya ce ba zai saka kuɗin ma'aikata a rukunin gidajen da bai kai taurari uku ba. Wannan ma kariya ce ga bankin, domin ma'aikacin da kuɗin wuta ya cinye albashinsa shi ne ke fara gaza biyan bashi. Hukumar IFC ta Bankin Duniya tana da nata ma'aunin mai suna EDGE, wanda ke neman ragin kashi 20 cikin 100 a wuta da ruwa da hayaƙin carbon da ake fitarwa wajen yin kayan gini, kuma kamfanin da ke neman jarin waje zai tarar ana tambayarsa irin wannan shaida. Gara ya saba da ita tun a gida.

Sai maganar wanda zai auna, wadda ita ce ke raya alama ko ta kashe ta. Rufi yana da wata fa'ida a nan: dubawa ɗaya ta isa, a ranar da aka shimfiɗa audugar kafin a buga silin, kuma ko bayan shekara biyar ana iya leƙawa ta ƙofar silin a ga ko tana nan. Ba sai an ɗauki sababbin ma'aikata ba. Injiniyoyi suna da rajista a COREN, masu zanen gini a ARCON, magina a CORBON. Wanda ya sa hannu a kan tauraro ya sa lambar rajistarsa, jiha ta riƙa zaɓen wasu gidaje ba zato ta sake dubawa, wanda aka kama da shaidar ƙarya a kai shi gaban hukumarsa. Mai saye ma a ba shi haƙƙin neman diyya idan ya leƙa ya tarar da kwano tsirara a gidan da aka sayar masa da taurari uku. Tsoron mai saye da lauyansa ya fi tsoron jami'in duba gini tasiri a kan kamfani.

Akwai kuma wani gyara da jihohin Arewa ya kamata su yi wa ma'aunin kafin su karɓe shi. Littafin jagora na 2016 ya bambanta yankin zafi mai bushewa da yankin zafi mai laima, kuma bambancin gaskiya ne. A Fatakwal da Legas dare ba ya yin sanyi sosai, don haka abin nema shi ne iska ta ratsa gida. A Kano da Katsina da Zariya kuwa, akwai tazara mai yawa tsakanin zafin rana da sanyin asuba a mafi yawan watannin rani, kuma a irin wannan yanayi bango mai kauri yana shanye zafin yini ya jinkirta shigarsa ɗaki. Maginan Hausa sun san wannan tun kafin a yi ma'auni. Soron tubali mai rufin azara da ƙasa, irin na Gidan Makama a Kano, da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shaida ne a tsaye. Sharuɗɗan 2017 ba su lissafa kaurin bango ba, saboda haka bulon siminti mai rami da bangon ƙasa mai kauri daraja ɗaya suke samu a hanyar bin sharuɗɗa. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana ƙera injin matsa bulon jar ƙasa, kuma a lokacin da siminti ya yi wannan tsada, ma'aunin da zai ba irin wannan bulo maki zai taimaki aljihun mai gini sau biyu. Haka nan a tabbatar cewa gidan da aka tsara shi yadda fanka ta ishe shi bai rasa tauraro ba don kawai babu na'urar sanyaya ɗaki a jikin bangonsa.

Ga 'yan kasuwa, akwai ciniki a cikin wannan magana. Ranar da jiha ɗaya mai yawan gini ta ce sai da shimfiɗar tare zafi, za a nemi masu kawo ta da masu yin ta a gida da kafintocin da suka iya shimfiɗa ta ba tare da barin giɓi ba, haka ma farin kwano da fentin rufi mai mayar da hasken rana. Dillalin da ya fara rubuta taurari a allon tallarsa zai sami abin da zai bambanta gidansa da na maƙwabci a unguwar da kowane gida ke da tayil iri ɗaya. Kamfanin da ke shirin sayen gidajen ma'aikatansa ko kama hayar shekara biyu kuwa ba sai ya jira wata jiha ba. Yana iya aika kafintansa da tsani da tocila ya buɗe ƙofar silin kafin a sa hannu, ya kuma sa abin da aka gani a cikin tayin farashi.